Hujewar hanji: Bai kamata majinyacin Nasko ya jira kuɗin magani ba

A hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin cuta da ba sa buƙatar iskar oksijin don su rayu, kuma fitacciya a cikinsu ita ce Bacteroides fragilis. Muddin suna cikin hanji, ba sa cutar da kowa. Amma Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan zazzaɓin taifod ya huda ƙaramin hanji, wanda yakan faru a mako na biyu ko na uku na rashin lafiyar, ƙazanta na kwarara cikin ciki, waɗannan ƙwayoyi su tara mugunya, guba ta shiga jini.

Maganinsu sananne ne. Metronidazole, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba ya cikin masu tsada. Likitoci na ba da shi ta jijiya tare da wani magani kamar ceftriaxone, domin shi kaɗai ba ya kashe ƙwayar taifod. Ana fara su tare da ƙarin ruwa tun kafin a shiga ɗakin tiyata, sannan likita ya ɗinke hujin ya wanke cikin. Kowace sa'a da aka ɓata tana ƙara haɗarin mutuwa.

A nan matsalar Nasko take. Garin shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Magama a Jihar Neja, kuma manomin da cikin ɗansa ya kumbura ya sandare yakan fara da kemis. Can zai sayi ƙwayar Flagyl, wadda mutane suka saba sha a kan kowane ciwon ciki, alhali ƙwaya ba ta toshe huji. Daga nan sai neman mota zuwa babban asibiti irin na Kontagora. A asibitocin gwamnati da dama a ƙasar nan, abin da ke biyo baya shi ne takardar magunguna da za a miƙa wa dangi su je su sayo. Kafin a sayar da akuya ko buhun masara a haɗa kuɗin, dare ya yi.

Doka ta riga ta yi magana a kan wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar majinyacin da ke buƙatar kulawar gaggawa. Ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke samun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. A 2015 kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya sanya mizani: mutum ya iya isa inda za a buɗe masa ciki cikin sa'o'i 2.

Abin da ya rage aikin ofis ne, kuma yana hannun jami'an Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hadiman 'yan majalisa masu tsara kasafi. Ya kamata a fito da ƙa'ida ƙarara cewa kason gaggawa zai biya kuɗin ƙunshin tiyatar ciki, wato metronidazole, ceftriaxone, ruwan ƙari da zaren ɗinki, a ajiye su a ɗakin tiyata, a yi lissafi bayan an ceci rai. Wasu za su ce kayan kyauta kan sulale zuwa kasuwa. Fargabar na da tushe, kuma maganinta rajista ce da ke haɗa kowane ƙunshi da sunan majinyaci da sa hannun likita, tare da binciken NAFDAC kan ingancin maganin.

Ruwan sha mai tsafta da rigakafi ne za su rage taifod a Magama. Kafin a kai can, yaron da aka kawo yau da hanji a huje yana buƙatar a ɗaura masa maganin nan take, ko mahaifinsa na da kuɗi a aljihu ko babu.