Sankarar mama da begen haihuwa: me ya sake ga matasan mata?

A ƙasar Imanan da Kurfai, kamar sauran sassan Nijar, haihuwa tana cikin abubuwan da suke ba mace daraja a gidan miji. Saboda haka idan likita ya gaya wa matashiyar mace cewa tana da sankarar mama, tambayar da take fara zo mata ita ce: shin zan ƙara haihuwa? Tsoron rasa haihuwa, da tsoron kishiya ko saki, su kan sa mace ta ɓoye ƙullutun da ta ji a mamanta, ko ta yanke magani tun bai ƙare ba. Wannan shi ne babban haɗari.

Me magani yake yi wa haihuwa?

Fiɗar mama ba ta taɓa mahaifa. Amma maganin ƙarin ruwa da ake kira kimiyoterapi ya kan raunana ƙwan mace, har jinin haila ya ɗauke. Ga mata da yawa da ba su kai shekara 35 ba, haila ta kan komo bayan wasu watanni. Akwai kuma ƙwayar tamoksifen, wadda wasu mata suke sha shekara 5 zuwa 10 domin hana ciwon komowa. Ita wannan ƙwaya tana iya cutar da ɗan tayi, don haka ba a ɗaukar ciki ana shan ta.

Wane sabon sani aka samu?

A da, ana tsoron cewa ciki zai tayar da ciwon. A shekarar 2023 aka bayyana sakamakon wani bincike mai suna POSITIVE, wanda aka yi a ƙasashe 20 kan mata 516 da ba su wuce shekara 42 ba. Dukansu sun sha maganin hana komowar ciwo wata 18 zuwa 30, sannan suka dakata da izinin likita, ba fiye da shekara 2 ba, domin neman haihuwa. Kusan 74 cikin 100 sun sami ciki, an kuma haifi jarirai 365. Cikin shekara 3, ciwon ya komo wa kusan 9 cikin 100, daidai da matan da ba su dakata ba.

Sai dai a lura: an gano ciwon waɗannan mata tun bai bazu a jiki ba, likitoci na sa musu ido, kuma an tsara su koma kan magani bayan haihuwa.

Yaya lamarin yake a ƙasarmu?

A 2007 gwamnatin Nijar ta yi dokar kula da sankarar mata kyauta. A 2021 aka fara gasa ciwon da hasken na'ura a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai. Amma daga Filinge zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 180 ce, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci. Nan ne miji da dangi suke da babban aiki, domin macen da aka bari ita kaɗai ba ta iya jure wannan zirga-zirga.

Me ya kamata a yi?

Macen da ta ji ƙullutu a mamanta ta je gidan likita na Bonkuku ko asibitin Filinge ba da jinkiri ba.

Tun kafin a fara magani, ta gaya wa likita cewa tana son haihuwa nan gaba. Miji ya raka ta, ya ji da kunnensa.

Kada ta ɗauki ciki lokacin magani. Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa ba su dace da ita ba; kwaroron roba ko robar mahaifa mai jan ƙarfe su ne suka dace.

Kada ta dakatar da tamoksifen bisa ra'ayin kanta. Likita ne zai faɗi lokaci, kuma akan jira wata 3 bayan dakatarwa kafin neman ciki.

Idan ta haihu, tana iya shayarwa da mama mai lafiya, muddin ba ta koma kan ƙwayar ba.

Ya ku mazaje da iyayen miji, jinkirin shekara biyu ko uku ba rashin haihuwa ba ne. A bar mace ta gama maganinta cikin kwanciyar hankali. Hausawa sun ce in da rai, da rabo.