Yadda Muka Yi Wa Ƙungiyarmu Tambari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in gaya wa 'yan'uwana masu karatu abin da ya kusa raba kan 'yar ƙungiyarmu ta taimakon juna a nan Kazaure, ko wani ya ƙaru.

Mu ba mu da yawa, akawuna ne da malaman makaranta, waɗansu 'yan gari, waɗansu daga Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Kowane ƙarshen wata mukan zuba kuɗi, wanda suna ko jinya ko rasuwa ta sama a agaza masa. Ni ne magatakarda. Ran nan sai wani daga cikinmu ya kawo takarda wai shaidar ya biya kuɗin wata uku, ma'aji ya ce shi bai san ta ba. Wannan ya rantse, wancan ya rantse, aka rasa mai gaskiya, don kuwa takardunmu ba su da wata alama da za ta bambanta su da takardar da kowa ya yage daga littafi. Nan muka shirya a yi mana tambari, a sassaƙa shi a hatimi, kowane rasit a buga masa.

Ashe a nan rigimar take. Mutumin Kazaure ya ce a zana tuta da takobi don tunawa da Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar nan wajen 1819. Na Roni ya ce ina aka baro duwatsunsu? Na Gwiwa ya ce damin gero, na Ɓaɓura ya ce raƙumi, tun da su ke bakin iyakar Nijar. Wani malami ya ce shi bai yarda da surar abu mai rai ba. Wani ya ce a sa Dagin Arewa a huta, aka ce masa dagi tun zamanin Sardauna ya zama na Arewa duka, ba zai nuna mu kaɗai ba. Ni kuwa don gudun ɓacin rai sai na cusa kusan duk abin da aka ambata cikin da'ira guda, na aika Kano aka sassaƙa. Ran da hatimi ya iso na dangwala tawada na buga, sai ga wani baƙin dunƙule, ba a gane dutse, ba a gane gero. Kuɗin jama'a ya tafi a banza, laifin kuwa nawa ne.

Wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, shi ya warware mana. Ya ce, “'Ya'yana, me ya sa ake kiran abin nan tambari? In an buga tambarin sarki, ko kana bayan gari ka san na wane ne, ba sai an yi maka bayani ba. To, wancan na kunne ne, wannan na ido. Ku dubi fatake, kowa da 'yar shaidar da yake yi wa buhunsa, layi biyu ko uku, amma ba ya ɓata a kasuwa.”

Da ya faɗi haka sai na tuna da tutar Nijeriya. A 1959 aka yi gasar zana ta, wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi da ke karatu a Landan ya ci, aka ba shi fam 100. A zanensa akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasa suka cire ta, suka bar kore da fari kawai, aka ɗaga ta ran 1 ga Oktoba, 1960. In ƙasa guda ta ƙoshi da launi biyu, ina dalilin 'yan mutane kamarmu su nemi kaya bakwai?

Muka daina tambayar daga ina kowa ya fito, muka koma tambayar me ya tara mu. Amsa ita ce ajiya don ranar wuya. Saboda haka muka zaɓi rumbu, wanda babu ƙauyen da ba a san shi ba daga Gwiwa har Ɓaɓura. Rumbu guda, launi guda, sunan ƙungiya a kewaye da boko da ajami. Kafin a sake kashe ko kwabo, na zana shi a ƙasa, na kira wani yaro, ya ce rumbu ne tun ban tambaye shi ba.

Jama'a, duk masu niyyar yin tambari, ga shawarata. Ku zaɓi abu ɗaya da ke nuna aikinku. Ku gwada shi ƙarami kamar kwabo, da baƙar tawada zalla, tun ba a biya mai sassaƙa ba. Kada ku ari tambarin gwamnati ko na masarauta, ba naku ba ne. Hatimi kuma ya zauna hannun mutum ɗaya amintacce, a rubuta sunansa a littafin taro. Ku sani dai tambari ba ya sa a yarda da mutane, halinsu ke sa a yarda da tambarinsu. Ranar da aka buga rumbunmu a kan ƙarya, ranar ya zama tawada kawai.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Naka,
Akawu, Kazaure.