A Ba Tumakinmu Wuri a Bangon Aji

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, darasin tunkiya ya faɗo mini a aji uku. Na ɗaga hoton da ke cikin littafi, na ce, "Yara, mene ne wannan?" Aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kare ne aka lulluɓa masa bargo." Aka fashe da dariya, ga mai duba ni zaune a baya yana rubutu. Kunya ta rufe ni, amma yaron bai yi laifi ba. Tunkiyar Ingila ce mai ulu, irin wadda ni ma na tashi ina gani a bangon makarantar mishan. Tumakinmu kuwa gashi gare su.

Saboda haka ra'ayina shi ne, kowane ɗayanmu kafin ya bar kwalejin nan ya tara hotunan dabbobin ƙasarmu da hannunsa. Yawancinmu muna da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, ba mu kuwa ɗaukar kome da ita sai fuskokinmu.

Na san waɗansu za su ce ɓata lokaci ne, a kai yara bayan gari su ga tunkiya da idonsu. To, madalla, a kai su. Amma irin garinsu kaɗai za su gani. Yaron kudu ya san gajerun tumakin kurmi masu jure cutar tsando. Ina zai ga Uda, wadda gabanta baƙi ne ko ja, bayanta fari fat, kamar an tsoma rabinta a rini? Ina zai ga Balami na Barno, fari ƙato mai gantsararren hanci, ko 'Yanƙasa mai baƙi a ido da baki? Hoto ne kaɗai zai jera su huɗu a allo guda.

Sai dai fa aikin ba shi da sauƙi kamar yadda na zata. Ran da na fara, na tasam ma garke kai tsaye, ina tsaye ƙiƙam. Wata uwa ta ɗaga kai ta buga ƙafar gaba a ƙasa, kafin in danna sun watse gaba ɗaya. Na komo da hoton ƙura da bindi goma sha biyu. Dalili kuwa, idanun tunkiya a gefen kai su ke, ƙwayar kuma a kwance ta ke, har tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba ta juya ba. Wanda ya nufo ta sak yana zura mata ido, a wurinta da shi da kura duk ɗaya ne. In ɗaya ta zabura, saura ba su tambayar dalili.

Daga baya sai na nemi izinin tsohuwar da ke da su, muka tafi tare da damin harawa. Na tsuguna a gefe, na kau da kai kamar ba ruwana da su. Bayan ɗan lokaci su da kansu suka matso suna sansana takalmina. Da hantsi ko da la'asar ya fi, gama farin gashi da tsakar rana ƙyalli ya kan yi, hoton ya wanke. Kada kuma a kunna fitilar wayar. Akuya dai ba ta bukatar lallashi, ta ci mini gefen riga ina cikin saiti. Jaki ko kallo ban ishe shi ba. Shanu kan tsaya su ƙura wa baƙo ido, amma kada ka kusanci mai ɗan maraƙi sai makiyayi na nan. Rago kuwa, in ka ga ya fara ja da baya, ka miƙe ka ba shi wuri.

Mu kan yi mata kirari da tunkiya uwar tamɓele, amma ina ganin mun zalunce ta. A 2001 masana a cibiyar Babraham kusa da Kambirij suka nuna tunkiya tana iya tuna fuskokin tumaki 50 har fiye da shekara 2. A 2017 kuma, a Jami'ar Kambirij, aka koya wa tumaki 8 gane fuskokin mutane 4 daga hoto, har da Barack Obama. Ashe wadda mu ke wahalar ɗauka, ita ma ta iya duban hoto!

Roƙona ga hukumar kwaleji ƙanƙane ne: a buga mana hotunan nan manya a kati mai kauri, a ajiye a ɗakin kayan koyarwa, kowa ya ara. Ina da 9 masu kyau yanzu. Balami ne ban samu ba tukuna. In akwai ɗan Barno a cikinmu da zai tafi gida hutun nan, ina roƙonsa ya neme ni kafin a tashi.