Fitilar Gargaɗi Ba Ta Fi Ƙarfin Batirinta Ba

A Tsibiri, a Jiratawa da sauran garuruwan da ke bakin gulbin Maraɗi, motar mutum ɗaya takan zama motar gari duka. Ranar kasuwa ita ke kwasar tumatir, albasa da zogale zuwa birni. Idan dare ya raba kuma naƙuda ta yi tsanani, ko maciji ya sari manomi, ƙofar mai motar ake bugawa, domin motar asibiti ba kullum take kusa ba. Wannan ne ya sa masu motoci da yawa ke sayen fitila mai ƙyaftawa su ɗora bisa rufi, don a gan su daga nesa a ba su hanya. Niyyar mai kyau ce. Amma ra'ayinmu shi ne, kafin a ƙara wa mota ko da fitila ɗaya, a fara gyara batirinta da dinamonta. Fitilar da aka jona wa mota mai raunin wuta takan mutu daidai lokacin da ake bukatarta, kuma ta kashe motar tare da ita.

Masu noman rani na Jiratawa za su gane wannan da wuri. Batir kamar tafkin ajiyar ruwa ne, dinamo kuwa kamar injin da ke cika shi. Kowace fitila lambatu ce da ke jan ruwa. In injin ba ya turo ruwa sosai, ko tafkin yana yoyo, buɗe sabon lambatu ba ya ƙara amfanin gona, sai dai ya ƙarar da ɗan abin da ya rage.

Mu yi lissafi. Batirin ƙaramar mota yana da ƙarfin bolt 12. Fitilun gefe guda huɗu, waɗanda ake kunnawa su riƙa ƙyaftawa tare idan mota ta lalace, kowace tana cin wat 21. Jimilla wat 84 ke nan. Fitila mai juyawa ta bisa rufi, irin ta da, tana cin wat 55. Manyan fitilun gaba biyu suna cin wat 110. Idan inji yana aiki kuma dinamo lafiyarsa lau, duk wannan ba kome ba ne. Idan kuwa inji ya tsaya, batir kaɗai ke ɗauke da kayan. Sabon batir zai jure na wasu awoyi. Tsoho wanda ya sha rana ba lalle ya kai awa ɗaya ba kafin ya kasa tada inji.

Motocinmu da yawa tsofaffi ne, sun gama aiki a Turai kafin a shigo da su ta Kwatano ko Lome. Ga kuma zafin ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Maraɗi yakan wuce digiri 40, kuma zafi shi ne babban abokin gaban batir: yana busar da ruwansa, yana cinye cikinsa. Motar da sai an tura ta kowace safiya ta riga ta faɗi ciwonta. Haka nan wadda fitilunta ke dushewa in an saki totur, su yi haske in an taka. Haka nan wadda ƴar jar fitila mai hoton batir ke kunne a gaban direba alhali inji yana aiki. Wannan alama ce dinamo ba ya caji, motar tana cin guzurinta ne, kuma za ta tsaya ko'ina guzurin ya ƙare.

Ina ne za ta tsaya? Wataƙila a kan babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji da Tsibiri, ko a kan hanyar Ɗan Isa da ke zuwa Katsina. Hanyoyi ne na manyan motocin kaya, dare da rana. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma tana bukatar kusan mita 70 kafin ta tsaya cik. Babbar mota mai kaya ta fi haka. Direban da bai hangi motar da ta mutu cikin duhu ba sai da ya iso kusa, birki ba zai cece shi ba. A rahotonta na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Ban da haɗari, akwai ɓata lokaci. Macen da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa tana iya rasa ranta cikin awa biyu. Awa ɗaya da aka yi ana tura mota a bakin hanya daga cikin waɗannan biyun aka cire ta.

Wani zai ce batir da gyaran dinamo suna da tsada, fitila kuwa araha ce. Gaskiya ne. Sai dai yawancin abin da ake bukata bai kai kuɗin fitilar ba.

Na farko, a kai mota wajen mai gyaran wuta ya auna. In inji yana kashe, batir mai lafiya yakan nuna kusan bolt 12.6. In an tada inji, ya kamata awo ya hau zuwa wajen bolt 14. In bai hau ba, laifin na dinamo ne ko na igiyar roba da ke juya shi, wadda sau da yawa ɗaurewa kawai take bukata.

Na biyu, a duba kawunan batir. Farin garin da ke taruwa a kansu yana tare wuta. A kwance su, a wanke da ruwan kanwa, a kula kada ya shiga cikin batir, a busar, a ɗaure tam. In batirin mai murafai ne, a ƙara masa ruwan batir da aka tace, ban da ruwan rijiya ko na famfo.

Na uku, in za a sa sabuwar fitila, a zaɓi irin ta zamani da ake kira LED, wadda ke cin wuta kaɗan ƙwarai, a kuma jona ta ta bayan fiyus. Kada a yarda a maye gurbin fiyus da zaren waya ko takardar kwalin taba. Fiyus an yi shi ne don ya ƙone a madadin mota.

Na huɗu, a ajiye abin da ba ya dogara da wutar mota: allon nan mai kusurwa uku da ke sheƙi in haske ya same shi, da fitilar hannu mai cajin rana. A kafa allon aƙalla mita 30 bayan mota, a kan babbar hanya ma a ƙara nisa, a fitar da fasinjoji su tsaya can gefe. Ganyen da muka saba zubawa a kan kwalta ba a ganinsa da dare, duwatsun da ake bari bayan an tashi kuwa tarko ne ga mai babur. Masu amalanken shanu da na jakai su ma su manna leda mai sheƙi a bayan amalankensu.

Akwai wata magana da ba za mu ƙi faɗi ba. Shuɗiyar fitila da jiniya na motocin asibiti ne, da na ƴan sanda da ƴan kwana-kwana. In kowa ya ɗora irinsu, ranar da ta gaskiya ta taho ba wanda zai kauce. Kuma fitila ba izinin gudu ba ce. Wanda ya ɗauko marar lafiya ya tafi da natsuwa, ya sa a kira asibiti ta wayar salula tun yana hanya don a shirya tarbarsa. In haɗari ya auku a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Muna kira ga kwamitocin kiwon lafiya na garuruwa da ƙungiyoyin direbobi. Kowane gari ya san motar da yake dogara da ita cikin dare. Tun da ta kowa ce ranar wahala, a taimaka wa mai ita ranar gyara. In an yi karo-karo bayan girbi aka auna wutarta, aka sake mata batir kafin bazara, an yi wa kowace mai ciki ta garin tanadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.