Kafin A Saya Wa Yaro Fiyano, A Nema Masa Malamin Murya

Jama'a masu karatu, musamman 'yan uwana na kasuwannin Ɗan Isa, Jibiya, Ƙwanni, Illela da Maigatari, yau ina so mu taɓa maganar mawaƙa, domin kuwa ku ne iyayen gidansu. Ku kuke ɗauko su ranar bikin 'ya'yanku, ku kuke biya a yi wa hajarku waƙar talla, kuma a gidajenku ne ake samun yaron da zai wayi gari ya ce shi waƙa yake so.

Kwanakin baya wani matashi ya zo gidan rediyonmu, waƙarsa na tashe a wayoyin mutane. Bayan hira na roƙe shi ya rera mana baiti biyu da bakinsa, ba kiɗa ba na'ura. Kafin ya kai ƙarshen baitin farko numfashi ya ƙare masa, jijiyoyin wuya sun tashi, muryar ta fashe. Da muka fito ya ce mini ai duk bikin da ya yi sai ya kwana uku yana magana da hannu. Ubangidansa, wani ɗan kasuwa mai kirki, ya saya masa fiyano, ya biya kuɗin situdiyo, amma ko dala bai kashe ba wajen wanda zai koya masa sarrafa muryar.

Wannan ɗan kasuwa kuwa ba zai taɓa danƙa wa yaro makullin shago ba sai ya yi shekaru yana yaron shago. Ba wanda ke ba mutum tirela ya ce ya kai kaya Kwatano alhali bai yi karen mota ba. Me ya sa muka ɗauka waƙa ce kaɗai sana'ar da ake shiga da ka?

Magabata ba haka suka yi ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi ne a cikin 'yan amshin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya kuma bi wansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya. Zaman amshi makaranta ce. A nan yaro ke gane inda ake jan numfashi, inda ake sassautawa, da yadda ake kai murya ƙarshen fili ba tare da ihu ba, a lokacin da babu lasifika. Shi kansa amshin hutu ne ga jagora, yana haɗiye yawu yana tara iska kafin ya sake shiga. Da situdiyo ta zo, mutum ɗaya da kwamfuta suka maye gurbin ƙungiya, makarantar ta rushe, ba mu gina wata ba. Manhajar nan Auto-Tune, da ta fito a 1997, tana daidaita karkatacciyar murya a cikin faifai, amma ba ta bin mawaƙi zuwa filin biki.

Masu son finafinan Indiya sun san Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022 tana da shekara 92. Mahaifinta, wanda shi ma mawaƙi ne, ya fara horar da ita tun tana ƙarama, daga baya ta zauna gaban Ustaz Aman Ali Khan, ta kuma yi sama da shekara 70 tana waƙa. Ummu Kulsum ta Masar da karatun Alƙur'ani ta fara a hannun mahaifinta limamin ƙauye, sannan Shehu Abul Ila Muhammad ya karɓe ta. Duk baiwar da Allah ya yi musu ba ta hana su durƙusawa gaban malami ba.

Na san abin da wani zai ce: to Shata fa, wa ya koya masa? Gaskiya ne, Alhaji Mamman Shata ba ɗan gado ba ne, a tallan alewa cikin kasuwa ya fara gwada bakinsa. To amma tun rasuwarsa a 1999 Shata nawa aka sake yi? Muna ƙirga wanda ya tsira, ba ma ƙirga samarin da muryarsu ta mutu tun ba su kai ko'ina ba, suka koma gida shiru.

Ga yadda abin yake. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani biyu, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Iskar huhu ce ke kaɗa su, sama da sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, kusan ninkin haka ga mace. In mutum yana matse wuya maimakon ya turo iska daga ciki, tantanin nan na dukan juna da ƙarfi har su yi kanta, kamar hannun manomi. Daga nan murya ta dushe. Ƙurar hunturu, hayaƙin taba da shisha, rashin shan ruwa da yawan kakari duk suna ƙara wa Borno dawaki. Kuma zumar nan da citta da kanumfari da ake ɗura wa mawaƙa, suna sanyaya maƙoshi, ban musa ba, amma hanyar abinci suke bi, ba sa taɓa tantanin. Dusashewar da ta wuce mako uku ta likita ce, ba ta mai shayi ba.

Amfanin ƙwararren malami shi ne kunnensa. Mutum ba ya jin muryarsa yadda take fita, shi ya sa kowa ke mamaki ranar da ya fara jin kansa a kaset. Malami zai ji matsewar da kai ba ka ji, ya gaya maka iyakar muryarka, ya hana ka kwaikwayon siririyar muryar da ba taka ba, ya koya maka ɗumama murya kafin ka hau fage. Ni kaina da na fara karanta sanarwa a rediyo, kafin azahar maƙogwarona ya ɗauki zafi. Wani dattijo malamin tajwidi ne ya sa ni na ɗora hannu a ciki ina numfashi, ya nuna mini inda ake tsayawa a jimla. Har yau da wannan nake cin abinci.

Sai dai a kula, ba duk mai fiyano ne malami ba. Wanda za ka tashi daga darasinsa da ciwon wuya, ka guje shi. Haka wanda bai san Hausa na da karin sauti da dogon wasali da gajere ba, domin zai sa yaro ya ja kalma har ma'anarta ta juye.

An buɗe cibiyar koyon kiɗa da waƙa mai sunan Elhaji Taya a Yamai, to amma yaron Magarya ko na Madarumfa da wane kuɗin mota zai je? Shawarata ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa ita ce su nemi tsofaffin 'yan amshi da ke zaune a garuruwanmu ba aikin yi, da malaman da suka yi karatun abin, a ba su ɗaki a gidan matasa, a yanka musu ɗan albashi duk wata. Abin da ake liƙa wa mawaƙi a dare ɗaya na bikin babban ɗan kasuwa zai riƙe irin wannan aji har watanni. Ladanai, 'yan kamasho na tasha da masu talla da baki su ma a bar musu ƙofa a buɗe.