An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Makon jiya wani maƙwabcina a nan Kumasi ya zo mini da littafin aikin 'yarsa, ransa a ɓace. Yarinyar tana shirin jarrabawar BECE, ga shafi kuma ya cika da jan biro. Ta rubuta "three book", ta rubuta "many advices", ta rubuta "childrens". A ƙasa malaminta ya ba da magani: a daina yi mata Hausa a gida. Uban ya amince, har ya kafa dokar a tsakar gidansa. Na ce masa, "Alhaji, an bar jaki ana dukan taiki." Abin da na faɗa masa shi zan maimaita a nan, domin gidajen zango da suka hau wannan hanya suna da yawa.

Mu fara da gaskiyar da ba ta mana daɗi. Kuskuren farko daga Hausa ya fito. Bahaushe yana cewa kwana uku, shekara goma, sidi biyar, ya bar suna a tilo saboda adadin ya riga ya nuna yawa. Turanci bai yarda da haka ba: da zarar abu ya wuce ɗaya sai sunan ya koma jam'i, a ce "three days", "ten years". Na biyu ma haka yake. Muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, amma Bature ya ɗauki "advice" da "information" tamkar ruwa ko gishiri, ba a ƙirga su sai da ma'auni, kamar "two pieces of advice". Wando guda da almakashi guda jam'i ne a wurinsa, "trousers" da "scissors". Kalmar "news" kuwa, duk da harafin da ke ƙarshenta, tilo ce: "the news is good".

To wanne daga cikin waɗannan ne hana Hausa zai gyara? Yaron da aka rufe wa baki bai daina tunani da harshensa ba, an dai hana shi gano inda harsunan biyu suka rabu. Zai ci gaba da rubuta "three book" bai san dalili ba. Amma a zaunar da shi, a rubuta "kwana uku" a dama, "three days" a hagu, a ce masa ga inda Hausa ta yi sauƙi, ga inda Turanci ya tsananta. Darasin ba zai ci minti goma ba, kuma da wuya ya manta.

Sannan a duba da adalci. Kalmomin "informations" da "furnitures" da "equipments" ana jin su a bakin mutanen Gana da ba su san ko "sannu" ba. Masu Faransanci ma suna faɗawa ramin nan, saboda harshensu yana jam'inta waɗannan kalmomi. Ban taɓa jin an ce wa Asante ya bar Twi a gidansa saboda haka ba. Me ya sa sai ɗan zango ake ce wa harshensa ne cutar?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a fagen jam'i Hausa ce malama. Mafi yawan sunayen Turanci "s" kawai ake liƙa musu, sai 'yan tsirarun da suka saɓa, irin su "men", "feet", "sheep" da "children". Mu kuwa muna da gida da gidaje, sarki da sarakuna, doki da dawaki, akuya da awaki, tunkiya da tumaki, sa da shanu, littafi da littattafai. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya kasa jam'inmu gida fiye da goma. Yarinyar da ta san "'ya'ya" jam'i ne tuni, nan take za ta gane laifin "childrens". Wannan jari ne, kuma shi ake so uba ya zubar da hannunsa.

Ba na raina Turanci. Shi ne harshen hukuma a ƙasar nan, kuma ɗanmu ba zai shiga jami'a ba sai ya ci shi a WASSCE. Saboda muhimmancinsa ne ma nake cewa a koyar da shi da hujja. Hausarmu ta Gana ta riga ta yi asarar bambancin namiji da mace a nahawu, har 'yan'uwanmu na Kano suna mana dariya. Idan muka kore ta daga tsakar gida, jam'in ne zai bi baya, mu wayi gari da yara masu gurguwar Hausa da gurgun Turanci.

Iyaye, ku janye dokar nan. Malaman makarantun zango, ku ja layi a tsakiyar allo, Hausa a gefe, Turanci a gefe. Alhaji dai ya janye tasa, kuma jiya 'yarsa ce ta gyara mini "luggages".