Ra'ayinmu: A kunna kyamara a zauren asambuli, mu ga abin da ake yankewa da sunanmu

Kwanakin baya wata 'yar'uwata mai sayar da atamfa ta kira ni tana faɗa. Masu karɓar lampo sun zo rumfarta da sabon tikiti, kuɗin ya haura na bara. Ta ce musu, "Wa ya ƙara?" Suka ce asambuli. Ta nemi asambuliman ɗin unguwarsu, ya ce wallahi shi ya ƙi amincewa, rinjayarsa aka yi. Da ta tambayi wani wanda ya san zauren, sai ya ce anya ma mutumin ya je zaman ranar kuwa? Ni dai har yau ban san mai gaskiya a cikinsu ba, ita ma ba ta sani ba. Kuɗin kuwa ta biya.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami yau. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da kowace majalisar gunduma a Gana za ta riƙa nuna babban zamanta kai tsaye ta intanet, ta kuma ajiye faifan inda kowa zai iya komawa ya kalla. Batun barin ɗan majalisa ya shiga zama daga nesa ta waya ko kwamfuta kuwa, shi ma ina goyon baya, amma da sharaɗi.

Mu fara da abin da ake yi a zauren, domin da yawanmu mun raina shi. Gana tana da asambuli 261, manya da ƙanana. A ƙarƙashin dokar ƙananan hukumomi ta 2016, kashi 70 cikin ɗari na mambobi mu ne muke zaɓensu, sauran 30 shugaban ƙasa ne yake naɗawa. Su ne suke amincewa da kasafin kuɗin gunduma. Su ne suke yanke kuɗin rumfar kasuwa, da na lasin ɗin shago, da harajin gida. Ta hannunsu kason gunduma na asusun bai-ɗaya yake bi, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Shugaban gunduma ma, duk da cewa daga sama ake turo sunansa, ba ya hawa kujera sai kashi biyu cikin uku na mambobin da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a sun yarda. Wato kwatar da take cika a Nima, da bolar da ta toshe hanya a Aboabo, da makewayin jama'a na Ashaiman, duk a wannan zauren ake yanke wanda za a fara gyarawa da wanda zai jira.

To amma wa yake zuwa kallo? Ana zaman ne da hantsi, a ranar aiki. Mai wake da shinkafa ba za ta bar tukunya ba, direban toro-toro ba zai ajiye mota ba, malamin makarantar allo ba zai sallami yara ba. Ko da ƙofa a buɗe take, sau da yawa ba ka jin ranar zama sai an tashi. Sakamakon haka, mun zaɓi mutane a watan Disamban 2023, kuma ba mu da wata hanyar auna aikinsu sai abin da su da kansu suka faɗa mana a wajen suna ko ɗaurin aure. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne a ƙasar nan. A 2013 Kotun Ƙoli ta yarda aka nuna shari'ar zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye a talabijin, wata da watanni, har zuwa hukuncin 29 ga Agusta. Duk wanda ya zauna a Zango a lokacin zai tuna yadda shagunan aski da teburan mai shayi suka koma kamar aji. Da hukunci ya fito, wanda ya sha kaye ya haƙura, magoya bayansa ma suka haƙura, kuma ina ganin kallon da suka yi da idonsu ya taimaka. Majalisar dokoki ta ƙasa ma ana nuna zamanta. Idan alƙalan Kotun Ƙoli ba su ji tsoron kyamara ba, me asambuli take ɓoyewa? Kayan aikin ma ba wani abu ba ne: waya mai kyau, sandar ɗora ta, makirfon, da shafin Facebook ko YouTube. Mauludin unguwarmu ma haka ake watsa shi, 'yan'uwa na Jamus da Amurka suna kallo suna aiko da amin.

Akwai masu ja, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa da zarar an kunna kyamara, wasu za su daina aiki su fara wasan kwaikwayo, kuma za a yanko minti ɗaya na maganar mutum a baza a WhatsApp don a ci masa mutunci. Hakan zai faru, babu shakka. Maganinsa shi ne a ajiye cikakken faifan, duk wanda aka yi wa yanke ya nuna asalin maganarsa. Yanzu da babu faifai, ƙaryar da aka yi wa mutum ba shi da abin ƙaryata ta. Suna kuma cewa akwai batutuwan da ba na bainar jama'a ba, kamar ladabtar da ma'aikaci. Gaskiya ne. Sai a rufe wannan sashen, a faɗi dalili a fili, a ci gaba da nuna sauran.

Wani abin da ya fi damuna shi ne harshe da kuɗin data. Zama na awa huɗu da Turanci ba zai amfani Hajiya a Sabon Zango ba. Doka ta ba asambuli damar yin aikinta da Turanci da kuma harshen da jama'ar gundumar suke ji. Saboda haka a gundumomi irin su Ayawaso ta Gabas, da Ayawaso ta Arewa, da Asokore Mampong, inda Hausa take yawo a kowane lungu, ya kamata a fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa bayan kowane zama, na minti goma ko sha biyar, a sa a gidajen rediyon unguwa. A faɗi abin da aka yanke, da waɗanda suka zo, da waɗanda ba su zo ba.

Sai batun halarta daga nesa. A nan yana da kyau mu dubi waɗanda suka riga mu gwadawa. A Ingila, lokacin annobar korona, an yi dokar wucin gadi a watan Afrilun 2020 da ta ba ƙananan hukumomi damar zama ta intanet. Gab da cikar wa'adinta a watan Mayun 2021, babbar kotu ta ce tsohuwar dokarsu ta 1972 tana nufin zama na ido da ido ne, sai kowa ya koma zaure. Yankin Wales kuwa ya yi tasa dokar a 2021, wadda ta tabbatar da halarta daga nesa, ta kuma wajabta wa manyan majalisunsa watsa zamansu. Darasin a nan shi ne, abin da ba a rubuta a doka ba, rana ɗaya wani zai kai shi kotu a rushe duk abin da aka yanke. Don haka mu ma kada mu yi shi a kan "ai mun fahimci juna". A gyara ƙa'idojin zama, in ta kama a gyara dokar kanta.

Amfaninsa a bayyane yake. Mata a asambulinmu ba su kai ko kashi goma cikin ɗari na zaɓaɓɓu ba, kuma mai jego ko mai jinyar tsohuwa za ta iya shiga zama daga ɗakinta. Haka wanda ya tafi aikin Hajji, ko wanda ke kwance a asibiti, ko wanda ruwa ya yanke wa hanya a gundumomin arewa da damina. Ɗan majalisar dokoki ma, wanda mamba ne a asambulin mazaɓarsa ko da yake ba ya jefa ƙuri'a, uzurin "ina Ankara" ya ƙare masa ke nan.

Amma mun san halinmu. In aka sake, wani zai kunna waya ya jefa a aljihu, ya tafi kasuwancinsa a Lome, a rubuta ya halarta, ya karɓi kuɗin zama. Wani kuma zai kaɗa ƙuri'a alhali ubangidansa na siyasa yana zaune a gefensa, inda kyamara ba ta kai ba. Shi ya sa nake cewa a gindaya sharuɗɗa. A nemi izini da dalili kafin ranar. Fuskar mutum ta kasance a bayyane daga farko har ƙarshe. A iyakance sau nawa mutum zai yi haka a shekara, tunda doka sau uku kawai ta wajabta zama, bai kamata a ce ukun duka daga nesa aka yi su ba. Idan layi ya yanke ko wuta ta ɗauke lokacin ƙuri'a, ƙa'ida ta faɗi abin da za a yi tun kafin rigima ta tashi. Ƙuri'ar sirri kuwa, irin ta tabbatar da shugaban gunduma da ta zaɓen mai jagorantar zama, wannan sai kowa ya zo da ƙafarsa.

Jama'a, wannan ba sai mun jira Ankara ba. Watsa zama abu ne da ɗan majalisa ɗaya zai iya kawo ƙudurinsa, wani ya mara masa baya. Ina kira ga sarakunan Zango, da limamanmu, da ƙungiyoyin matasa da na mata 'yan kasuwa, kowa ya tari asambuliman ɗinsa da tambaya ɗaya: za ka kawo wannan ƙudurin a zama mai zuwa ko ba za ka kawo ba? Mu kuma a wannan shafi, duk asambulin da ta fara, za mu sanar da ranar zamanta, mu kalla, mu kawo muku bayaninsa da Hausa. Wanda yake aiki tsakani da Allah zai samu shaida, 'yar'uwata kuma za ta san wanda ya ɗaga hannu ranar da aka ƙara mata lampo.

Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.